Tambaya da Amsa: Me ya sami Community a zango na huɗu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli zango uku na shirin barkwancin Amurka mai suna Community ina dariya har da riƙe ciki, amma da na shiga na huɗu sai na ji shi lami. 'Yan wasan dai su ne, makarantar ma ita ce. Ni ne na ƙoshi, ko shirin ne ya lalace? Ko in tsallake shi? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, harshenka lafiya lau, mai girkin aka canja. A watan Mayun 2012 kamfanin Sony, mai shirya shirin, ya sauke Dan Harmon, wanda ya ƙirƙiri shirin kuma yake jagorantar marubutansa, aka ɗora David Guarascio da Moses Port. A talabijin ɗin Amurka, wannan jagoran ne ke da maganar ƙarshe a kan kowane rubutu, har zuwa ɗakin tace hoto. Wasu tsofaffin marubutan, irin su Chris McKenna, su ma suka kama gabansu.

Ga inda gizo ke saƙar. Kowane kashi kusan minti 22 ne, kuma Harmon kan gina shi ne a kan zagaye mai mataki takwas: mutum yana son wani abu, ya fita nema, ya samu, ya ɗanɗana kuɗarsa, ya dawo ya canja. Dariyar daga wannan buƙatar take fitowa. Sababbin jagororin sun kwafi ado, suka bar tushe. Abed, ɗaya daga cikin ɗaliban da ke labarin, yana ta ambaton finafinai, shugaban makaranta yana ta sauya kayan ban dariya, amma babu dalilin da ya tilasta hakan. Mantuwar ƙarya da Chang, tsohon malaminsu, ya yi kuwa, abin kashi ɗaya ne aka ja shi kusan zango guda. Gwada da kanka: tsayar da kallo a minti na biyar, ka tambayi kanka me ɗalibai irin su Jeff ko Annie ke nema. Sau da yawa za ka rasa amsa.

Tashar NBC mai nuna shirin ma ba ta taimaka ba. Kashi 13 kacal aka yi, alhali zango na uku 22 ne. An ɗage farawa daga Oktoban 2012 zuwa 7 ga Fabrairun 2013, har kashin bikin Halloween, wanda ake yi a ƙarshen Oktoba, ya faɗo ranar masoya ta 14 ga Fabrairu. Chevy Chase, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan, kuma ya fice kafin a gama ɗauka.

Kada ka tsallake shi ɗungurungum. Kalli kashi na 5, inda Jeff ya haɗu da mahaifinsa. Na 11, wanda Jim Rash, mai fitowa a matsayin shugaban makaranta, ya rubuta, inda Abed da abokinsa Troy suka yi kamar sun yi musayar jiki (a ganinmu shi ne mafi kyau). Sai na 13, don a nan Jeff ya kammala karatu. Daga nan ka wuce zango na biyar na 2014, da Harmon ya dawo. A ciki za ka ji 'yan wasan suna ɗora laifin shirmen bara a kan iskar gas da wai ta yi yoyo a makarantar.