Malam, zan iya ƙulle gonata a kan babban ɗana kamar yadda manyan gidajen Ingila suke yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a Ingila da iyalina, ina da gida a nan, sannan akwai babbar gona da na saya a gida da gumina. Yarana bakwai, maza uku mata huɗu, mata ɗaya gare ni, mahaifiyata tana raye, mahaifina ya rasu. Na ga yadda manyan gidajen Turawan nan suka riƙe gandayensu shekaru aru-aru saboda babban ɗa kaɗai ke gada, mu kuwa gonar kakanmu an yi ta yankawa har rabon mutum ya koma kamar tabarmar sallah. Ina so in yi wakafin gonar a kan babban ɗana, bayansa ɗansa namiji, haka dai har ƙasa, matan in ɗan ba su kuɗi. Amma ni zan ci gaba da riƙe ta har in mutu. Lauyana ya ce dokar nan ta ba ni dama, wani malami kuma ya ce ai makaruhi ne kawai. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

A duk bayaninka kalma ɗaya ce ta yanke hukuncin, inda ka ce za ka ci gaba da riƙe gonar har ka mutu. To ai shi kenan magana ta ƙare tun daga nan. Wakafi ko kyauta ga ɗa baligi a mazhabar Malikiyya ba ya cika sai abin ya fita daga hannunka ya shiga hannun wanda aka ba, kana da lafiyarka da hankalinka. In ka mutu yana hannunka ya koma gado. Sayyidina Abubakar ya ba Nana A'isha wasƙi 20 (wani babban ma'auni ne) na dabino daga gonarsa da ke Gaba, wani wuri kusa da Madina, ba ta karɓa ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya ce mata da kin tsinke kin adana da ya zama naki, amma yau dukiyar magada ce. In kuma ka rataya abin a kan mutuwarka to sunansa wasiyya ko me lauya ya rubuta a saman takardar, kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda bayan rasuwarka, wannan ba sai na ja ba.

Sannan ka lissafa mata da yara ka manta mahaifiyarka tana da sudusi, wato ɗaya bisa shida, in ka riga ta. Matarka sumuni, ɗaya bisa takwas. Abin da ya rage a kasa goma, namiji biyu mace ɗaya. Babban ɗan naka zai tashi da wajen kashi 14 cikin ɗari ne, sauran 86 haƙƙin mutum takwas ne kake shirin ɗora masa a wuya ya je lahira da shi.

Yanzu bari mu zo kan Turawan da suka burge ka, don gidan ka gani da lambu, ba ka ga waɗanda aka fitar daga cikinsa ba. Tun dokar 1285 zamanin Sarki Edward na ɗaya ake iya ƙulle fili a kan zuriya ta yadda magaji ba zai iya sayarwa ba. Lauyoyi suka gano hanyar kwance ƙullin ta hanyar ƙarar bogi a kotu, sai daga tsakiyar ƙarni na 17 aka fito da sabuwar dabara, uba ya zama mai cin amfani iya rayuwarsa kawai, babban ɗa shi ne mai jiran gado, da ya kai shekara 21 ko zai yi aure sai uban ya ce zo mu sake ƙullawa in yanka maka kuɗin kashewa duk shekara, yaro yana bukatar kuɗi sai ya sa hannu, shi ma ya koma mai cin amfani kawai, a haka ake ta tura ƙullin gaba. Matar mamaci a yanka mata kuɗin shekara, sau da yawa ta tattara ta bar wa surukarta babban gidan. 'Yan mata da ƙannen maza a rubuta musu wani adadi na kuɗi, kuma galibi jinginar da filin ake yi kafin a biya, shi ya sa gidaje da yawa bashi ya yi musu katutu. Ƙannen maza a tura su soja, har sayen muƙamin hafsa ake yi musu kafin a hana a 1871, ko aikin coci, ko lauya, ko Indiya. In kuma ƙullin na maza ne zalla kuma mutum bai haifi namiji ba, wani ɗan baffa da 'ya'yansa mata ba su ma san shi sosai ba shi zai zo ya karɓi makulli.

Kuma su da kansu sun warware abin. Hatsin Amurka mai araha ya karya farashi a ƙarshen shekarun 1870, masu gandu suna zaune a kan fili ba kuɗin gyara ba damar sayarwa, sai majalisa ta yi dokar 1882 ta ba mai cin amfani ikon sayarwa. A 1925 aka soke fifita babban ɗa ga wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, daga farkon 1997 kuma ba a iya ƙirƙirar sabon ƙulli irin wancan a Ingila kwata-kwata. Abin da lauyanka yake nufi shi ne kana da 'yancin rubuta wasiyya yadda kake so, wannan kuwa dama ce ta ka rubuta a raba yadda Allah ya ce, ba izinin saɓa masa ba.

Saura maganar malamin da ya ce makaruhi ne kawai. Ban ce ya ƙirƙira ba, akwai wannan ƙaulin, wasu daga cikin manyan Malikiyya na baya sun rinjayar da cewa wakafi a kan 'ya'ya maza banda mata makaruhi ne amma in an yi ya zauna. Sai dai Alhaji ban yarda ka jingina da shi ba. Da farko dai su suna magana ne a kan wanda ya fitar da abin daga hannunsa yana raye lafiya lau, kai kuwa ka ce ba za ka saki ba, kaga ko a wajensu naka bai tsaya ba. Sannan Shehu Khalil a Mukhtasar, sanannen littafin fiƙihun Malikiyya, cikin wakafan da suka ɓaci ya lissafa shi ƙarara, an kuma ruwaito daga Imamu Malik cewa aikin jahiliyya ne. Nana A'isha ta kwatanta masu cire 'ya'ya mata daga irin wannan sadaka da mushirikan da Suratul An'am ta ba da labari, masu cewa abin da ke cikin cikkunan dabbobin nan na mazanmu ne kaɗai, haram ne ga matanmu. Umar ɗan Abdul'aziz ya rasu yana da niyyar rushe irin waɗannan wakafai. Masu sauƙaƙawa suna kafa hujja da hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta banda sauran 'ya'yansa ya nemi Annabi (SAW) ya yi shaida, wai Annabi (SAW) ya ce ka sa wani ya yi shaida ba ni ba, da haram ne da bai ce a nemi wani ba. Haba, a cikin hadisin nan fa ya kira abin zalunci, ya ce ba ya shaida a kan zalunci, ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku, Bashir ya koma ya karɓe kyautarsa. Wane sahabi ne zai ji haka ya tafi neman wani mai shaida? Tsawatarwa ce ba izini ba. Kuma kyautar bawa ɗaya ce aka yi wa wannan faɗan, ina ga gona sukutum da za a hana mata huɗu da 'ya'yansu har abada, naka ma ya zarce abin da ake saɓanin a kai don har maza biyu ka cire. Duk dabarar da manufarta a kauce wa rabon da Allah ya yi, canza mata suna ba ya halatta ta.

Damuwarka ta kada gona ta tarwatse gaskiya ce, kuma tana da magani. Rabon gado ba dole sai an kafa turaku an yanka ƙasa ba, kowa zai iya sanin kasonsa a rubuce gonar tana nan dunƙule, a yi mata rajistar kamfani, babban ya kula da ita a biya shi ladan aikinsa in ya iya, a raba amfani duk kaka gwargwadon kaso. Wanda ya matsu ya sayar wa 'yan'uwansa, dama shari'a ta ba abokin tarayya haƙƙin shufu'a, wato shi ya fi cancantar saye kafin bare. Amma shawara za ka ba su, ba za ka tilasta musu daga kabari ba. Kana kuma da sulusi, ɗaya bisa ukun dukiyarka, da za ka iya wasiyya da shi ga wanda ba magaji ba ko wani aikin alheri.

Dan Allah kada ka kira 'yan matan nan ka sa su sa hannu wai sun yafe, yafewar da aka yi don kunyar uba ba yafewa ba ce, kuma haƙƙin bai ma zama nasu ba tukuna balle su yafe. Shi ma babban ka daina nuna masa cewa gonar tasa ce, tun yanzu ƙannensa suna lura ko ba su faɗa ba. Gidanka na Ingila kuwa kada ka yi sakaci, in ka mutu ba wasiyya dokar can za a bi, matarka za ta kwashe kaso mafi tsoka, mahaifiyarka ba za ta samu ko kwabo ba tunda akwai mata da 'ya'ya. Ka koma wajen lauyan a wannan satin, ka tafi da malamin da ya san fara'il, wato ilimin rabon gado, a rubuta a sa shaidu biyu kamar yadda dokarsu ta nema.

Wallahu a'alam.