Siraran Jijiyoyi a Cinya: Man Shafawa Zai Gusar da Su?

Tambaya: Likita, tun haihuwata ta biyu wasu siraran jijiyoyi suka fito min a cinya kamar saƙar gizo-gizo. Wane mai zan shafa?

Amsa: Hajiya, adana kuɗinki. Babu man da ke rufe jijiyar da ta riga ta buɗe. Man bilicin mai ɗauke da sinadarin sitiroyid ma sirantar da fata yake yi, jijiyoyin su ƙara fitowa fili.

Allura ce maganinsu. Likitan fata zai ɗura wani ruwan magani mai suna polidocanol cikin jijiyar da siririyar allura, ta toshe, ta dushe cikin mako 3 zuwa 6. Sau da yawa sai an maimaita. Daga nan ki sa safar matse ƙafa kamar mako 2, ki riƙa tattaki. Wurin kan yi duhu na wasu watanni, musamman a baƙar fata. Ba a yi wa mai juna biyu.