Tambaya da Amsa: Gabana Yana Faɗuwa Gasa Tana Matsowa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan Yauri ne, a bakin kogin Neja na tashi, iyo ba baƙona ba ne. Na yi rajistar gasar tirayatalon, wadda ake haɗa iyo da tseren keke da gudu a jere. Gajeren zango na zaɓa: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Saura mako uku, amma da na tuna sai gabana ya faɗi, barci ya gagara. Ko in janye ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka janye. Abin da kake ji aikin sinadarin adiranalin ne, wanda jiki ke saki idan ya hango babban aiki: zuciya ta ƙara bugu, baki ya bushe, hannu ya yi gumi. Su ma masu yin cikakken zangon Olamfik, wato iyo mita 1,500 da keke kilomita 40 da gudu kilomita 10, suna jin haka a bakin ruwa. Fargaba ba ta gushewa gaba ɗaya, sai dai a rage mata abin da take ci, kuma abincinta shi ne duk abin da ba ka taɓa gwadawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka makonnin nan uku na gwaji ne.

Mu fara da ruwa, domin a nan sababbi suka fi rikicewa, har da waɗanda suka iya iyo. Iyon kogi kai kaɗai daban yake da shiga ruwa tare da mutum hamsin, wannan ya shure ka, wancan ya tankwaɓe maka tabarau. Da an busa usur sai sabo ya zabura da dukkan ƙarfinsa, ya riƙe numfashi bai sani ba. Gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar sai ta taru a jini, ita ce kuma ke sa mutum ya ji kamar an shaƙe shi tun kafin ya yi mita 100.

Maganinsa a aikace ne. Kafin a fara, ka shiga ruwan na minti biyar idan an yarda, ka nutsar da fuska kana huro iska ta hanci da baki har ƙirji ya saki. Wajen jeri ka tsaya a gefe, ta baya. In an busa, ƙirga goma a zuci ka bar masu gaggawa su wuce. Mita 200 na farko ka yi su a hankali, har ka ji kamar kana wasa. Duk bayan bugun hannu shida zuwa takwas ka ɗaga ido ka duba alamar hanya da ke kan ruwa, kada ka karkace ka ƙara wa kanka tafiya. Idan duk da haka numfashi ya sarƙe, ka juya rigingine ka sha iska, ko ka koma iyon kwaɗo. Doka ba ta ƙayyade salon iyo ba, kuma ta yarda ka riƙe kwalekwalen masu ceto ka huta muddin bai ja ka gaba ba. Sanin wannan kaɗai yana sauke rabin nauyin da ke zuciya.

Ka nemi abokai uku ko huɗu ku riƙa shiga ruwa kafaɗa da kafaɗa, da mai kwalekwale a kusa. Kada ka taɓa yin atisaye a kogi kai kaɗai, kuma ka guji ruwan da ke kwance mai dodon koɗi saboda tsargiya.

Sai wurin sauya kaya, inda ake sauyawa daga iyo zuwa keke, daga keke zuwa gudu. Shimfiɗa tawul kusa da keke, ka jera kaya yadda za ka ɗauke su: hular kwano a buɗe, takalmi a sassauce, lambar gasa, gorar ruwa. Ka ɗaure hular kafin ka taɓa keken, kada kuma ka kwance ta sai ka mayar da shi mazauninsa, domin ana hukunci a kan wannan. Ka maimaita a tsakar gida sau biyar ko shida har hannu ya haddace. Ka bar keken a giya mai sauƙi. A kai shi wurin mai gyara mako guda kafin gasa ya duba birki da sarƙa da tayoyi, ba ana gobe ba, don ka samu damar hawansa bayan gyaran.

Da ka sauka daga keke ƙafafu za su yi nauyi, saboda tsokokin sun saba da juya feda. Yakan saki cikin minti goma. Sau biyu kafin gasar ka tuƙa keke minti 40, ka sauka nan take ka yi gudun minti 10 da gajerun taku, don kada abin ya zo maka a baƙo. A makon ƙarshe ka rage atisaye da kamar rabi.

Batun barci kuwa, daren jajibiri kusan kowa juyi yake yi, kuma dare ɗaya ba ya ɓata gasa. Ka cika barcinka a daren da ya gabace shi. In tunani ya taso, ja numfashi kana ƙirga huɗu, ka saki kana ƙirga shida, na minti biyu, ka yi addu'o'inka ka kwanta. Muna roƙonka kada ka sha maganin barci. Taramol kuma ko kusa: yana kawo jiri da farfaɗiya, mai iyo kuwa ba ya da inda zai faɗi sai ruwa, ga shi hukumar hana shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun Janairun 2024.

Abu ɗaya ne ba ma so ka ɗauka a matsayin fargaba. Idan kana jin ciwon ƙirji, ko suma, ko zuciya na tsallake bugu yayin atisaye, ko wani a danginku ya taɓa faɗuwa ya rasu yana matashi, ka ga likita ya auna zuciyarka kafin ka shiga ruwa.

Tambaya: Ni daga Gusau nake. Duk ranar da zan yi tsere sai cikina ya ɓaci. Me zan ci?

Amsa: Malam, fargaba na janye jini daga hanji zuwa tsoka, tana kuma gaggauta hanjin. Ka karya awa uku kafin farawa da abin da cikinka ya sani: koko da sukari, burodi, ayaba ɗaya ko dabino kaɗan. Tun jajibiri ka bar wake da ƙosai da yaji da soye-soye, fura da nono ma a jira sai an gama. Ruwa leda ɗaya, wato rabin lita, awa biyu kafin farawa, daga nan sai kurɓa-kurɓa. Goro da kofi suna ƙara rawar hannu da motsin ciki ga wanda bai saba ba. Ka isa filin da awa ɗaya da rabi a hannu, ka fara neman inda banɗaki yake kafin layi ya yi tsawo.