Sunayen masu Umara sun rikiɗe a Excel

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani ofishin kula da masu Umara a Makka, wajen Sharar Mansur. Na rubuta 'yar manhaja da Python da ke fitar min da jerin baƙinmu a fayil na CSV. Da zarar na buɗe shi a Excel sai sunayen Larabci da masu ƙ da ɗ su koma wani gwaranci, sifirin farkon lambar waya kuma ya ɓace. A ina na kauce?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Matsalolin nan biyu ne, kowace da inda ta samo asali.

Ta sunaye ita ce mai sauƙi. Tunda manhajar ta rubuta ƙ ba ta tsaya ba, alama ce ka riga ka adana fayil ɗin da UTF-8, wato tsarin adana haruffa da ya san na Larabci da ƙ da ɗ, kuma hakan daidai ne. Excel ne ba shi da labari. Idan bai ga shaida a kan fayil ba, sai ya karanta shi da tsohon tsarin da Windows ɗinka ke kai, wanda a kwamfutar da aka saita da Larabci shi ne cp1256. A UTF-8 harafin ƙ bayit 2 ne (bayit shi ne ƙaramin ma'aunin bayanai a kwamfuta), shi kuwa tsohon tsarin kowane bayit harafi ne a wurinsa, shi ya sa ƙ guda ke zama baƙi biyu marasa ma'ana. Wurin da manhajarka ta Python ke buɗe fayil ɗin, canza encoding="utf-8" zuwa encoding="utf-8-sig". Wannan yana liƙa bayit 3 a farkon fayil, Excel na ganinsu zai gane. Ka haɗa da newline="" a wurin, in ba haka ba za ka riƙa ganin layi fanko tsakanin kowane suna da na ƙasansa.

Ta lambar waya ce mai ɗan ƙaiƙayi. Lambar waya suna ce da aka rubuta da alƙaluma, ba wanda zai tara ta da wata ko ya raba ta biyu. Don haka ka riƙe ta a matsayin rubutu tun daga shigarwa, kada int, mai mayar da rubutu adadi a Python, ya kusance ta. Haka lambar iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya.

To ko ka kiyaye wannan, Excel da kansa zai yanke sifirin 05 lokacin buɗe CSV. Na sha ganin masu cewa a sa 966, lambar kiran Saudiyya, a madadin sifirin an huta. Ban yarda da wannan dabarar ba, gudun gara ne a faɗa gidan zago: lambar ta zama alƙaluma 12, Excel ya nuna ta kamar 9.67E+11, kuma in wani ya sake adana fayil ɗin a haka, sauran alƙaluman sun tafi ke nan, ranar tashin jirgi ka rasa yadda za ka kira alhajinka. Tunda a Excel za a buɗe, ka bar CSV, ka rubuta xlsx, wato fayil ɗin Excel na asali, kai tsaye da openpyxl, kayan aikin Python na rubuta irin wannan fayil. Abin da ka ba shi a rubutu, a rubutu zai zauna, matsalar sunaye ma ba za ta taso ba.

Wani abin da za ka ci karo da shi a nan Saudiyya: abokin aiki ya buga ٠٥٥ kai ka buga 055. Python na ɗaukar dukkansu alƙaluma, amma in ka gwada su da == zai ce ba ɗaya ba ne, sai mutum ɗaya ya shiga jeri sau biyu. Ka haɗa teburin musanya alƙaluman Larabci zuwa na boko da str.maketrans sau ɗaya a saman fayil, kowace lamba ta bi ta translate kafin ka adana ta.