Ku Tambayi Anti: Awa 40 na aikin sa kai da furojet ɗin kwamfuta

TAMBAYA: Salam Anti. Ni ustazar kwamfuta ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Makka wajen Shari'u Mansur, ɗalibaina da yawa Hausawa ne irina. Yaran nan sai sun cika awa 40 na aikin sa kai kafin su gama, ga kuma furojet na aji uku, wlh sun gaji, awannin a rabon ruwa da jera kujeru suke ƙarewa, furojet kuma a kwafo a intanet a miƙo min. Ana iya haɗa biyun kuwa? Ta ina zan fara tunda ba ni ke riƙe da harkar sa kai ba?

AMSA: Wa alaikis salam ustaza, sannu da fama da yara. Ana haɗawa mana, amma fa ba ke kaɗai ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun da aka kawo tsarin masarat, wato sabon tsarin karatun sakandare na Saudiyya, a 2021 awa 40 ɗin nan ya zama sharaɗin gamawa, kuma dama ƙasar na neman masu aikin sa kai miliyan ɗaya a shekara a shirinta na 2030, to mudira, shugabar makaranta, ba za ta ƙi ba in dai kin je mata da magana a rubuce.

Rabon ruwa sadaka ne ba na raina shi, amma yarinyar da ta iya kwamfuta ga Hausa ga Larabci a bakinta gaskiya an yi asararta in a nan ta tsaya. Ki duba unguwarku kawai. Hajiya tsohuwa na fama da suga, waya na hannunta amma ba ta iya kama layin ganin likita a manhajar lafiya ta Sehhaty ba, sai ta zauna jiran jika ya dawo da daddare shi kuma yana latsa mata yana tsaki, gobe ma haka jibi ma haka. Ga 'yan uwanmu masu zuwa Umra daga Kano da Maradi da ake ce musu sai sun ciri izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk, su yi ta juya waya ba su san inda za su taɓa ba. To furojet ɗin kenan, ɗalibai uku uku su ɗauki bidiyon fuskar waya na minti biyu suna bayani da Hausa daki daki, a tara a shafi ɗaya, sannan su zauna da iyayen mata a makaranta su koya musu da hannunsu. Zaman nan shi ne awannin sa kai, shafin da bidiyon su ne furojet.

Fara da mai riƙe da aikin sa kai, ita za ta buɗe damar a manhajar sa kai ta ƙasa KAFIN a fara, kada yara su sha wahala a ce ba a lissafa musu ba. Ki jawo ustazar Larabci ta duba sun fahimci abin da manhajar ke cewa kafin su juya shi, ke kuma ki duba ɓangarenki, amma ku zauna tun farkon zango ku yarda da takardar maki ɗaya, in ba haka ba kowa za ta ja nata, yaran su rasa ta wa za su bi.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: kada ɗaliba ta karɓi lambar sirrin Absher, manhajar harkokin gwamnati, ko ta amince da Nafath, mai tabbatar da shaidar mutum, a madadin kowa, ko da kakarta ce, mai waya ita za ta latsa da kanta. Kuma ban da ɗaukar hoton iƙama, wato katin zama a ƙasa, ko fuskar kowa, a bidiyon ma a rufe suna da lamba. Ki fara da Sehhaty kaɗai wannan zangon, Nusuk ya jira na gaba.