Wace makaranta ce ta dace da yarona? Amsoshin tambayoyin iyaye

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, a arewacin Kamaru. Ɗana ya cika shekara 6, yana zuwa makarantar allo, kuma ina so in sa shi boko a watan Satumba. Akwai makarantar gwamnati kusa da gida, akwai ta Faransanci da Larabci, ga kuma wata ta kuɗi da aka buɗe kwanan nan wadda ke cewa tana koyarwa da harsuna biyu. Wacce zan zaɓa?

Amsa: Alhaji, kafin fentin gini ya ja hankalinka, ka fara sanin hanyar da za ka ɗora yaron a kai, domin tsarin karatu biyu ne a Kamaru. Na Faransanci yana farawa daga ajin SIL (aji ɗaya) ya ƙare a CM2 (aji shida), shekara 6 ke nan, sai yaro ya rubuta CEP, wato jarrabawar gama firamare, daga baya a sakandare ya bi ta jarrabawar BEPC da Probatoire har zuwa ta ƙarshe, Baccalauréat. Na Ingilishi shi ma shekara 6 ne a firamare, amma jarrabawarsa ta gama firamare FSLC ce, ta sakandare kuma GCE, wadda hukumarta take garin Buea. Yawancin makarantun da ke kiran kansu masu harsuna biyu sassa biyu ne kawai a haraba guda, yaro kuwa a ɗaya zai zauna. Saboda haka ka tambayi shugaban makarantar kai tsaye: wace jarrabawa ɗana zai rubuta? Idan ta Ingilishi ce, ka tabbatar akwai sakandaren da zai ci gaba a ciki ba tare da ya yi nisa da gida ba, tun da mafi yawan makarantun arewa na Faransanci ne, sauya tsari a tsakiyar hanya kuma yakan mai da yaro baya.

Sabuwar makarantar nan ba ta da sakamakon jarrabawar da za a auna ta da shi tukuna. Ka nemi ganin takardar izinin buɗewa daga ma'aikatar ilimin firamare, sannan ka je ofishin sufeton ilimi na gundumarku ka tabbatar sunanta yana wurinsu. Hukuma takan rufe makarantun da ba su da izini, kuma kuɗin da aka riga aka biya da wuya ya dawo.

An soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati tun shekarar 2000, sai dai za ka biya kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, wanda a wurare da yawa da shi ake biyan malaman da gwamnati ba ta ɗauka ba. Babbar damuwarta cunkoso ne, don haka ka leƙa ajin SIL da kanka ana cikin darasi. A ganina, ta Faransanci da Larabci ta fi kusa da bukatarka, muddin tana da izini, tana bin manhajar gwamnati, kuma tana kai ɗalibanta CEP kowace shekara. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, gara ta gwamnati da safe, allo da yamma. Ka kuma yi lissafin shekara shida gaba ɗaya, har da ƙannensa da ke tafe, maimakon kuɗin bana kaɗai.

Ba ka ambaci takardar haihuwa ba, alhali rashinta yana hana yaran yankinmu da yawa rubuta CEP. Akan karɓi yaro babu ita, sai ya kai CM2 a ce ba za a yi masa rajistar jarrabawa ba. Idan ba a yi ta ba a ofishin magajin gari cikin wa'adi, sai an bi ta kotu, wannan kuwa yana cin lokaci. Ka fara tun yanzu.

Tambaya: 'Yata tana ajin CE2 (aji huɗu na firamare) a Marwa, ta maimaita aji sau ɗaya, har yanzu ba ta iya karatu ba. Shin in ɗauko malamin gida ne, ko in sauya mata makaranta?

Amsa: Hajiya, kada ki kashe ko sisi sai kin gano inda matsalar take. Ki kai ta asibiti a duba mata ido da kunne, domin yarinyar da ba ta hango allo daga bayan aji sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin marar ƙoƙari. Idan lafiyarta ƙalau, ki tuna cewa da Hausa da Fulatanci take wuni, Faransanci kuwa sai a aji take jin sa. Ki sa wani ya karanta mata ɗan labari daga littafinta, ya tambaye ta da Hausa abin da ta fahimta, sannan ita ma ta gwada karantawa. Da haka za a gane ko harshen ne ya yi mata nauyi, ko haɗa baƙaƙe ne ba ta kama ba.

Malamin gida yana da amfani idan zai koma da ita littafin SIL da CP (aji ɗaya da aji biyu) ya fara daga tushe. Wanda zai zauna yana yi mata aikin gida don ta sami maki, ɓarnar kuɗi ce. Ki ba shi zangon karatu ɗaya, ki kuma roƙi malaminta ya dawo da ita layin gaba. Sauya makaranta sai idan kin ga ajin ya cika har malami bai san sunanta ba, kuma kin sami wata mai ƙarancin ɗalibai wadda za ki iya biya har ta kai CM2.