Cunkoso, turmutsitsi ko gosulo? Tambaya daga Melbon kan ƙwallon 'yan Ostireliya

Tambayar yau daga nesa ta zo. Wani ɗalibi ne da yake karatu a Melbon ta ƙasar Ostireliya, ya ce tunda ya sauka garin nan ba gardamar da yake ji a jirgin ƙasa da wajen cin abinci irin ta ƙwallonsu ta gida, wai wasan ya lalace, 'yan wasa duk sun taru wuri ɗaya a kan ƙwallo, wasu na cewa a canza doka wasu na cewa a ƙyale musu abinsu. Yana so ya ba 'yan gidansu labari amma ya rasa kalmar da zai kira wannan taruwar, shin cunkoso ne ko turmutsitsi ko kuwa kawai ya ce gosulo? Sannan ya haɗo da karin magana guda biyu yana tambaya ko sun dace.

To bari in fara da wasan kansa saboda wanda bai taɓa gani ba, don in ba ka san fasalin fili ba ba za ka iya zaɓar kalmar ba. Wannan ƙwallon ba irin tamu ba ce, ƙwallon doguwa ce kamar ƙwai, filin ma haka yake, zagayayye mai tsawo, tsawonsa yakan kama daga mita 135 har 185. Kowane ɓangare mutum 18 ne a ciki, kenan mutum 36. Ana buga ta da ƙafa, ana naushinta da hannu a miƙa wa ɗan'uwa, ana kama mutum a kayar, in ka zura ta tsakanin dogayen sanduna biyu na tsakiya maki 6, in ta bi ta gefe maki 1. A Melbon ɗin aka rubuta dokokinta na farko a 1859, babbar gasarsu kuma ita ake kira AFL tun 1990. Abin da nake so ka riƙe shi ne wasan nan ba shi da dokar satar gida kwata-kwata, da zarar ƙwallo ta fara yawo kowa na iya zuwa ko'ina ya ga dama.

Yanzu kalmomin. Turmutsitsi, wasu su ce turmutsutsu, akwai firgici a cikinta ko ɗoki, mutane na ture juna ba shiri ba tsari, irin wanda ake yi wajen rabon kaya ko in an ji ƙarar wani abu a kasuwa, har a tattake mutum. Ba wanda yake shirya turmutsitsi. Cincirindo kuwa yawa ne kawai, jama'a sun taru, ba lallai su takura ba, mutanen da suke cika babban filin MCG na Melbon ranar fainal, wajen dubu 100, su ne cincirindo. Dandazo ma kusan haka ne. Rububi da wawaso su kuma suna buƙatar abin da ake so a cafke, don haka daidai lokacin da ƙwallo ta faɗi ƙasa mutum goma suka afka mata, in ka ce suna rububinta ka yi daidai, amma wannan ɗan lokaci ne, ba shi ne ciwon ba. Gosulo kuma ka bar wa motoci, aro ce daga Ingilishin Najeriya kuma ta zauna daram a bakinmu, sai dai ma'anarta layi ne da ya ƙi tafiya, kowa ya fuskanci gaba yana jira. 'Yan ƙwallon nan ba jira suke ba.

Cunkoso ita ce kalmar, kuma ba wai don ita ce aka saba ji a rediyo ba. Duba danginta: cunkusa, cunkushe, sannan ga cusa da cushe a kusa. Ka cunkusa kaya a jaka, ɗaki ya cunkushe. Abu biyu ne a cikin wannan kalma da babu su a sauran. Na farko cunkoso ba maganar yawa ba ce, maganar wuri ce, mutum biyar a bayan tasi cunkoso ne amma mutum dubu a filin Idi ba cunkoso ba ne. Mutum 36 a filin da ya kusa ninka namu na ƙwallon ƙafa biyu ko fiye ai ba su yi yawa ba, abin da ya faru shi ne talatin daga cikinsu sun dawo cikin kwata ɗin filin, can ɗaya gefen kuma fayau ba kowa, nan kuma ba masakar tsinke. Na biyu, kuma shi ne ya fi min muhimmanci, cunkusa aikatau ne mai neman wanda ya aikata. Kaya ba sa cunkusa kansu a jaka. In ka ce cunkoso, kunnen Bahaushe zai tambaya waye ya cunkusa, amsar kuma ita ce koci-koci.

Tarihin ma haka ya nuna. A shekarar 2000 kulob ɗin Essendon ya ci wasa 20 a jere ba wanda ya iya tare shi, sai kocin Western Bulldogs, Terry Wallace, ya kwashe kusan duk yaransa ya zuba su a baya suka toshe hanya, suka ci da tazarar maki 11, kuma wannan ne kaɗai wasan da Essendon ta sha kashi a duk shekarar. Dabarar nan sunan da suke kiranta da shi a Turanci ma'anarsa ambaliya, kuma na ga kalmarmu ta ɗauke shi tsaf, domin ambaliya ruwa ne da ya bar inda aka san shi ya malale inda ba a gayyace shi ba. A 2005 shugaban gasar na lokacin, Andrew Demetriou, ya fito fili ya kushe salon kulob ɗin Sydney Swans na koci Paul Roos cewa ba shi da kyan gani, ƙarshenta su suka ɗauki kofin a shekarar, 58 da 54 a kan West Coast, bayan shekara 72 ba su ɗauka ba. To wane koci ne zai ga haka ya ce shi kyan gani yake nema?

Wannan ya kawo ni karin maganarka ta farko, taron tsintsiya ba shara. Ana faɗarta ne in an tara mutane ko kayan aiki da yawa amma ba abin da ya gyaru. In kai ɗan kallo ne da ya sayi tikiti, ka zauna kana ganin alƙalin wasa yana ta jefa ƙwallo sama ana ta danne ta ana sake jefawa, maki ba ya motsi, wallahi ka faɗe ta ba laifi. Amma ka sani daga kujerar kallo kake magana. A wurin koci sharar ta yi, domin abin da ya tara tsintsiyar ya share shi ne makin abokin hamayya. Shi karin maganarsa daban ce, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ba ka da gwanin da zai tare gwaninsu sai ka sa masa mutum uku. Shi ya sa kullum nake ce wa ɗalibai kafin ka jefa karin magana ka tambayi kanka a bakin wa take.

Ta biyun, in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, ka ce kana so ka yi amfani da ita wajen goyon bayan masu cewa a rage 'yan wasa daga 18 zuwa 16. Shawarar ba sabuwa ba ce, tsohuwar gasar VFA ta yi wasa da mutum 16 daga 1959 har 1992, gasar mata ta AFLW da aka fara a 2017 ma 16 take yi. Amma karin maganar ba nan ta dosa ba. Dambu in ya cika kwano, ɗan man da za ka zuba ɓacewa yake yi, ma'ana in abu ya wuce kima magani ko lallashi ko faɗa ba ya tasiri, har mutum ya daina damuwa. Ba ta cewa a rage dambun, labarin abin da ya riga ya faru take bayarwa. In ma za a ɗora ta a wannan gardama, ni a kan yawan dokokin zan ɗora ta, don magoya baya da yawa kukansu kenan, kusan kowace shekara da sabon abu har alƙalan wasa da 'yan kallo sun daina gane me ake hurawa.

Ka duba jerin. Tun 1973 aka zana fili a tsakiya, aka mai da shi murabba'i a 1975, aka ce mutum huɗu kacal daga kowane ɓangare za su shiga lokacin fara wasa, ka ga ciwon ya girmi yawancin masu gardamar. Sai maganar canji. A wasan nan wanda ya fita benci yana iya dawowa, to da koci-koci suka gane haka sai suka riƙa juya yara kamar waina, mutum ya yi gudun fitar rai na minti kaɗan ya fito ya huta wani ya shiga, shi ya sa ko yaushe akwai mai ƙarfin da zai bi ƙwallo duk inda ta je. Aka sa iyakar canji 120 a wasa ɗaya a 2014, aka rage zuwa 90 a 2016, aka sake ragewa zuwa 75 a 2021. A 2019 lokacin Steve Hocking na riƙe da sashen wasa na hukumar AFL aka kawo dokar 6-6-6, wato duk sanda za a fara wasa daga tsakiya dole shida su tsaya gaba, shida tsakiya, shida baya. A 2021 kuma aka ce wanda yake tsaye gaban mai bugun firikik ya ƙame wuri ɗaya, in ya motsa gefe kafin a ba da izini a ja ƙwallon gaba mita 50. Shekarar farko ta 6-6-6 ɗin maki bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi, domin dokar ta 'yan daƙiƙu ce, ana fara wasa kowa ya ruga inda kocinsa ya ce.

Mutane suna son su ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, suna nufin hukuma ce makaɗiya kulob-kulob ne 'yan rawa. Ni a ganina a wannan wasan an juya, koci ne yake canza kiɗan a filin atisaye, hukuma ta biyo baya da doka bayan shekara biyu ko uku, kafin dokar ta zauna ya sake wani.

To wace karin magana za ka ba 'yan gida? Guda biyu ne suke fuskantar juna, kuma duk biyun gaskiya ne. Masu son gyara tasu ita ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Asalinta matafiyi ne da kaya a ka ko a kan jaki, wani ya hango sun karkace ya ce gyara, ba wai yana neman rabo ba ne. Wanda ya ce a rage canji ko a buɗe tsakiya ba ƙwace wasan yake son yi ba, ya ga kayan sun karkace ne. Masu tsoro kuma tasu ita ce garin neman gira a rasa ido, wasu su ce garin gyaran gira, duk ana faɗa. Gira ado ce, ido kuwa shi ne gani, ma'ana kar ka je gyaran ƙaramin abu ka yi asarar babba.

Aikin mai hankali a nan shi ne ya tantance mene ne gira mene ne ido, kuma ni ina da ra'ayi. Yawan maki gira ne. Wasan 58 da 54 ɗin nan har yau ana tuna shi, fainal ɗin 2010 da Collingwood da St Kilda suka tashi 68 da 68 ma haka. Ido shi ne 'yancin nan da na ce ka riƙe, cewa ba layin da ya hana ɗan wasa zuwa inda yake so. Saboda haka rage canji ban ga laifinsa ba, domin bai hana kowa zuwa ko'ina ba, gajiya ce kawai za ta sa ya kasa, ko da yake masu suka suna da hujja da suke cewa gajiyayyen tim ya fi komawa baya ya tare gida, kuma gajiyayyen jiki ya fi saurin rauni. 6-6-6 ma da sauƙi tunda ana fara wasa ta ƙare. Amma shawarar da wasu ke kawowa cewa a raba filin gida-gida, a ce wasu 'yan wasa ba za su taɓa tsallake layi ba har a tashi, wannan ita ce ta kai hannu ido, kuma ba na goyon bayanta ko da za ta ninka makin.

Saura ɗan abin da ka tambaya a ƙarshe, wai cunkoso ne ko cinkoso, don ka ga ana rubuta duka biyun. Duk ana faɗa, wasalin u da i suna yawan musanya a gaɓar farko bayan c, kamar yadda ka ji turmutsitsi da turmutsutsu suna musanya a ƙarshe, kuma ba wanda zai kasa gane ka. Ni dai cunkoso nake rubutawa saboda ta fi nuna danginta, in ka rubuta ta haka mai karatu zai hango cunkusa a bayanta. In kuma kana ba su labarin wasa ɗaya ne, kar ka ce an yi cunkoso kawai, ka ce kocin ya cunkushe baya, ko ya cunkusa yaransa a gaban sanduna, za su fi ganin abin da ka gani.